Malam Edita, a daina ce wa kowace kwalbar Japan "antik"

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, ya aiki, ya haƙuri da mu masu yawan rubutu. Dan Allah a sam min ɗan fili in yi magana kan wani abu da ya fara yawa a wajen masu kayan gwanjo da kuma masu tallar kayan kicin a WhatsApp da Instagram, wato wasu 'yan kwalabe na tangaran masu ƙaton ciki da siririn wuya, jikinsu duk zane, furanni ne, tsuntsaye ne, ruwan zinare ne, wani lokaci kwalbar ita kaɗai wani lokaci kuma da 'yan mitsi-mitsin kofuna biyar a gefe. Sai kaga an rubuta a ƙasan hoton wai "antik daga Japan, ya haura shekara 200, irin na gidan sarauta", a lafta kuɗi, Hajiya ta tura bata ko taɓa kayan da hannunta ba, cinikin biri a sama kenan. In kaya sun iso wata ta jera a shogilas, wata ta soka fulawar roba, wata humra take zubawa, akwai ma gidan da ake ba baƙi gahawa a kofunan.

Ni ba dillali bane kuma bana gaba da kasuwar kowa. Zaman karatu ne ya kai ni Fukuoka a kudancin Japan, garin Arita kuwa inda aka fara yin tangaran a ƙasar tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce a jirgin ƙasa daga can, to yawan zuwa kallo yasa ido ya ɗan buɗe. Maganata guda ɗaya ce, kayan nan da kansu suna faɗin shekarunsu da aikin da aka yi su dominsa in mutum ya san inda zai duba, bai kamata a ce bakin mai talla ne kawai hujja ba.

Ba tukunyar fulawa bace, kayan shan giya ne. Kwalbar sunanta tokkuri, ƙaramin kofin mai ɗan zurfi choko, wanda yake faffaɗa mara zurfi kuma sakazuki, giyar shinkafarsu da suke kira "sake" ita ake zubawa. Siririn wuyan ma ba ado bane, lokacin sanyi suna tsoma kwalbar cikin ruwan zafi har giyar ta ɗumama, daga ɗumin jikin mutum zuwa wajen digiri 50, wuyan ne ke riƙe zafin kuma nan ake kamawa a ɗago. Girman ma a ƙa'ide yake, suna da ma'aunin da ake kira go, mililita 180 kenan, yawancin ƙananan kwalaben go ɗaya ne ko biyu. Kofin kuwa da gangan aka ƙanƙanta shi, saboda a al'adarsu mutum baya zuba wa kansa, na kusa da kai ne zai zuba maka kai ma ka zuba masa, to ƙaramin kofi shi ke sa a yi ta hidima da juna ana hira. Akwai ma wani kwano mai doguwar ƙafa da suke kira haisen, ruwa ake zubawa a ciki a ɗauraye kofi kafin a miƙa wa wani, wanda bai sani ba sai ya ɗauka na zuba alawa ne.

Nasan a nan wani zai ce subhanallahi, ai sai a fasa su. To duk wanda ya ɗan zauna gaban malamai ya ji hadisin Abu Sa'alaba al-Khushani da ke cikin Bukhari da Muslim, da ya yi tambaya kan kwanukan Ahlul Kitabi aka ce masa in akwai wasu kada a ci a cikinsu, in babu a wanke a ci. Sauran bayani na malamai ne, kowa ya tambayi nasa. Abin da ya dame ni shi ne mutum bai ma san me ya ajiye a ɗakinsa ba balle ya yi tambayar. Musamman farare fat ɗin nan da ke zuwa biyu-biyu iri ɗaya, waɗannan galibi na bauta ne, masu addinin Shinto ke zuba giya a ciki su ɗora a ɗan dandamalin bautar da ke cikin gida.

Tarihin ma bai kai tsawon da ake zato ba. China ta yi ɗaruruwan shekaru tana yin faɗi-ka-mutu kafin Japan ta iya. Sai da Toyotomi Hideyoshi, mai mulkin Japan a lokacin, ya kai wa Koriya yaƙi tsakanin 1592 da 1598, sarakunan yaƙinsa suka dawo da magina tukwane 'yan Koriya, da yawansu ba da son ransu ba. Cikinsu akwai Yi Sam-pyeong, wanda mutanen Arita ke cewa shi ya gano farin dutsen da ake niƙawa a yi tangaran a Izumiyama a 1616, shi yasa a 2016 garin ya yi bikin cika shekara 400. Wajen haƙar na nan har yau, dutse guda an cinye shi ya koma wawakeken rami. Kaga kenan duk wanda yace maka tangaran ɗinsa na Japan ya shekara 500 ko 600 ka san inda ya dosa.

Da farko yawanci shuɗi ne a kan fari, ana zana shi da sinadarin kobalt kafin a shafa ruwan ƙyalli a gasa a wuta mai zafin wajen digiri 1300. A shekarun 1640 ne aka iya ɗora ja da kore da rawaya a saman ƙyallin a ƙara gasawa a wuta mai sauƙi, wajen digiri 800, kuma sunan da ya fi fita a nan shi ne Sakaida Kakiemon, wanda jansa ya ɗauko kalar nunannen kaki, wani ɗan itace ɗan uwan kanya. Zuri'arsa na nan suna aikin har gobe, na 15 ne ke riƙe da sunan yanzu. Su basa cika jiki da zane, reshe ɗaya zaka gani da tsuntsu biyu, sauran duk fari sol, kuma wallahi ya fi masu tarkacen zinaren nan kyau nesa ba kusa ba.

Sa'ar Arita daga masifar China ta zo. Daular Ming ta faɗi a 1644, yaƙi ya tsayar da fitar kaya daga Jingdezhen, babban garin yin tangaran na China, sai kamfanin Holan na VOC, wanda su kaɗai ne Turawan da Japan ta bari suna ciniki, su ma a killace a ɗan tsibirin Dejima na Nagasaki, suka juyo Arita. A 1659 suka ba da odar sama da guda dubu 50. A tashar ruwa ta Imari ake lodin kayan, shi yasa duniya ta san su da Imari. Sun je Holan, sun je Mokha ta Yaman, akwai su a fadar Topkapi a Istanbul, sarki Augustus na Saxony a Jamus kuwa haukan tara su ya yi har masana'antar Meissen da ya kafa a 1710 ta zo tana kwaikwayon zanen Kakiemon.

Maganar "irin na gidan sarauta" kuwa, eh akwai su da gaske. Gidan Nabeshima masu mulkin yankin sun ware tanderunsu a wani kwazazzabo da ake kira Okawachiyama, da shinge da masu gadi don kar sirrin aikin ya fita, abin da aka yi a can ba na sayarwa bane, na kai gaisuwa ne ga shogun, wato shugaban sojan da ke mulkin Japan, da manyan ƙasa, wanda bai fito daidai ba fasa shi ake yi. Yawancinsu ma farantai ne. Irin waɗannan suna gidajen tarihi da hannun manyan masu tara kaya, ba a kwantenar gwanjo suke yawo ba.

Kuma manyan zamanin da ai ba ma a irin wannan 'yar kwalbar ake zuba musu ba, buta ce ta ƙarfe mai dogon mariƙi da faffaɗan kofin katako mai jan fenti na ƙaron itace, har yau a ɗaurin auren Shinto irinsu ake fitowa da su, kofi uku, ango da amarya su kurɓa sau uku-uku. Tokkuri na da manya ne, na ajiya, a zuba giya ko ruwan waken soya ko binega. 'Yar ƙaramar nan ta ɗumamawa sai a ƙarshen zamanin Edo, cikin ƙarni na 19, ta yaɗu, saitin kwalba biyu da kofi biyar duk zane iri ɗaya a cikin kwali kuwa galibi daga baya ne can, da yawa ma bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

Ni waɗanda suka fi burge ni ma ba masu zinaren bane. Akwai wasu manya masu kauri, yawanci na yumɓu ba tangaran ba, an rubuta sunan shago da na unguwa a jiki da manyan baƙaƙe, sunansu kayoi-dokkuri, wasu na musu laƙabi da kwalbar talaka. Mai shagon ne ke ba ka aro ka riƙa zuwa da ita ana auna maka, yadda yaro ke ɗaukar kwalba ya tafi gidan mai man gyaɗa, har kwalbar gilas ta zo ta kashe musu kasuwa. Sai kuma na garin Hasami, maƙwabcin Arita, farare masu ɗan gajeren wuya da aka yi wa 'yan Holan, a jiki an rubuta JAPANSCHZAKY in giya ce, JAPANSCHZOYA in ruwan soya ne, da baƙaƙen boko wanda mai rubutun ma da alama kwaikwayo yake yi kawai. Ba kwalliya ko ɗaya amma duk tarihin cinikin Dejima na jikinsu.

To yanzu in abu ya zo hannunki Hajiya, kafin ki kalli furannin ki kifa shi ki duba gindin. In kin ga sunan ƙasar da rubutun boko to na fitarwa waje ne kuma ba a yi shi kafin ƙarshen ƙarni na 19 ba. Dokar harajin McKinley ta 1890 a Amurka ce ta tilasta a riƙa rubuta ƙasar da aka yi kaya, daga 1891 masu fitarwa suka riƙa sa "Nippon", sunan Japan a yarensu, har 1921 da Amurka tace a koma "Japan". In kin ga "Made in Occupied Japan" to tsakanin 1947 da 1952 ne, lokacin da ƙasar ke hannun sojan Amurka. Antik kuwa a ƙa'idar kwastan ɗin Amurka da ta yawancin masu sana'ar sai abu ya kai shekara 100, kinga mai "Made in Japan" da kyar in zai shiga. Shi ma "Nippon" ɗin ba a rantsuwa a kansa, an daɗe ana buga na jabu. In kuma rubutunsu ne na can, shi ma ba shi kenan ba, magina Arita sun daɗe suna rubuta sunan sarkin China Chenghua na ƙarni na 15 a gindin kayan da suka yi shekara 200 ko 300 bayan mutuwarsa, ba don cuta ba ma, yayi ne kawai na lokacin. Haka baƙaƙe biyu na sunan Kutani, wani wajen da shi ma ya yi suna da yin tangaran, har yau ana buga su a kan sababbin kaya fil.

Kutani ɗin ya cancanci a ɗan tsaya a kansa tunda yawancin masu ja da zinaren da ake kawowa sunansa suke ɗauke da shi. A jihar Ishikawa yake. Tsohon Kutani na ƙarni na 17 kalolinsa masu nauyi ne, kore da rawaya da shunayya da shuɗi mai duhu da ja, aikin ya tsaya na tsawon lokaci sannan aka farfaɗo da shi a ƙarni na 19, bayan baje kolin Vienna na 1873 kuma mai ja da zinaren ya zama kayan fitarwa Turai ba ƙaƙƙautawa. Akwai ƙwararrunsu da ke rubuta waƙoƙi a cikin kofin da buroshi, baƙaƙen ƙanana sosai har sai an sa gilashin ƙara girma, in kin samu irin wannan na hannu to kin samu abu ko da bai tsufa ba. Amma zinare mai yawa ba shi ne tsufa ba, sau da yawa ma akasin haka ne.

Ki kai zanen kusa da ido. Aikin hannu zaki ga inda buroshi ya yi kauri da inda ya sirance, ganye biyu basa zama daidai wa daida. Na bugu kuwa layin duk kaurinsa ɗaya, wani wajen ɗige-ɗige, wani wajen zaki ga inda takardar da aka manna zanen da ita ta haɗe zanen ya goce. Kalar shuɗin ma tana magana. Na da kobalt ɗin ƙasa ne, yana da ɗan duhu-duhu da laushi a ido, amma daga zamanin Meiji da ya fara a 1868 aka shigo da na kemikal daga Turai, wani masani Bajamushe Gottfried Wagener ya zo Arita a 1870 ya taimaka wajen yaɗa shi, shuɗinsa rau yake yana kashe ido kuma ya fi araha, shi ya ba da damar yin kaya jibgi-jibgi. Sannan ki haska fitilar waya ta bakin kofin, tangaran na gaske mara kauri haske na ratsa shi, in kin ɗan ƙwanƙwasa kuma yana ƙara siririya. Satsuma da ake ta ambata baya yin haka domin shi ba tangaran bane, yumɓu ne mai ruwan madara da ƙananan tsage-tsage a ƙyallinsa, ya yi suna ne bayan baje kolin Paris na 1867 har aka koma yinsa a Kyoto da Osaka da Yokohama don Turawa. Wanda aka buga wa "Royal Satsuma" da boko a gindi kuwa galibi ba ma a Japan aka yi shi ba, na China ne na baya-bayan nan.

Sai 'yan wasan yara da ke ruɗa mutane, kwalba mai ɗan tsuntsu a kafaɗa da ke yin fito in ana zubawa, kofin da in an ɗaga shi a haske fuskar mace ke fitowa a gindi, da masu dodon nan mai siffar maciji da aka yi da tudun fenti yana zagaye jiki. Suna da ban sha'awa ban musa ba, amma mafi yawansu tsaraba ce ta ƙarni na 20, sojojin Amurka da 'yan yawon buɗe ido sun kwashe su da yawa zuwa gida. Ƙidayar kofin ma alama ce, na cikin gida biyar-biyar suke yi don suna gudun huɗu, furucinsa ɗaya da na mutuwa a yarensu, in kika ga shida to Turawa aka yi wa.

Dalilin da yasa kayan suka yi yawa a duniya yanzu ba wani ɓoyayye bane. Japan ƙasar tsofaffi ce, ƙidayar gwamnatinsu ta 2023 ta nuna gidaje wajen miliyan 9 ba kowa a ciki, in iyaye sun rasu 'ya'yan na birni a ɗan matsattsen ɗaki basu da wajen ajiye kwanukan kaka, sai a kira kamfanin kwashe kaya, su kuma su loda a kwantena zuwa waje, da yawa Filifin da Tailan. Can ƙasar ma a kasuwar tangaran ta Arita da ake ci duk shekara daga 29 ga Afrilu zuwa 5 ga Mayu, zaka ga kofuna a kwando a bakin titi kuɗinsu bai kai na kwanon taliya ba. Abin kirki kuwa yawanci da akwatinsa na farin katako mara nauyi yake zuwa, da rubutu a murfi da hatimin wanda ya yi, kuma rabin darajar na jikin akwatin, in kin samu kar ki ba yara su yi wasa da shi.

Akwai wasu kofuna da nake so a kula da su daban. In kin ga tauraro, ko anka ta jirgin ruwa, ko tuta mai jar rana da haskoki sun fito ta ko'ina, ko kofin ma siffar hular kwano gare shi, to na soja ne. Tun yaƙin Japan da China na 1894 zuwa 1895, musamman yaƙinta da Rasha na 1904 zuwa 1905, har zuwa Yaƙin Duniya na Biyu, soja in ya gama aiki ya dawo gida lafiya yakan sa a yi masa irinsu ya raba wa dangi da maƙwabtan da suka yi masa rakiya, da lambar rundunarsa a jiki, sau da yawa da sunansa. Abin dariyar shi ne waɗannan su ne da gaske wasunsu sun haura shekara 100, sai dai an yi su da yawan gaske har basu da wata tsada. Amma tutar nan mai haskoki a wajen 'yan China da 'yan Koriya tunin mamaya da kisa ce, to Alhaji in kana da abokin ciniki ɗan China daga Kantin Kwari ka gayyace shi gida, kar ka kuskura ka miƙa masa gahawa a ciki.

Shan ma gaba ɗaya ban ba da shawara ba in zanen kala yana ta ciki ko a bakin kofin. Fentin da ake ɗorawa a saman ƙyalli a da yawanci da dalma ake haɗa shi, abu mai tsami ko zafi na iya narko da ita a hankali, zoɓo, tsamiya, lemo, kuma mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba sai an yi mana dogon bayani ba. Mai shuɗi da fari wanda zanensa ke ƙarƙashin ƙyalli ya fi sauƙi, in kin shafa da yatsa baki ji tudun zanen ba to a ƙasa yake. Mai kala-kalan a bar shi a shogilas, kuma kar a goge shi da soson ƙarfe, zinaren fita yake.

Roƙona gare ka Malam Edita, in da hali a shafinku na kasuwanci ku ce masu karatu su turo hoton irin waɗannan kaya da ke gidajensu, gaba da kuma gindi, a riƙa bugawa ana bayani. Masu talla kuma dan Allah duk wanda zai ɗora hoto ya haɗa da na gindin, ya faɗi tsawon kwalbar da yawan kofunan, in akwai tsagewa ko inda aka liƙe ya nuna.

Na gode da fili.

Naka,
mai karanta jaridarku daga Kano